Idan Rediyon Mota Ya Kira Tasha da Sunan da Ba Nata Ba

Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, rediyonsu kan rubuta sunan tasha a ɗan gilashin gabansa da zarar an kamo ta. Rediyon bai san tashar ba, ba kuma muryar mai gabatarwa yake ganewa ba. Gidan rediyon ne ke turo sunan a ɓoye, cikin zangon da ke ɗauke da magana da kiɗa, shi kuwa ya rubuta abin da aka miƙa masa ba tambaya.

Wannan tsari na zangon FM ana ce masa RDS. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ita ta fitar da ƙa'idojinsa a 1984, bayan Jamus ta Yamma ta shekara goma tana amfani da wani tsari mai suna ARI wajen sanar da direbobi halin da hanya ke ciki. Sautin FM ba ya wuce kilohaz 15. A kan 19 akwai siririn sautin da ke shaida wa rediyo cewa shirin na sitiriyo ne. Sai aka ninka 19 sau uku, aka ɗora bayanan RDS a kan 57, can inda kunne ba ya kaiwa. Hanyar ƙunci gare ta, bit 1,187.5 kacal ke wucewa a daƙiƙa, bit kuwa shi ne sifili ko ɗaya. Ana tura su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bit 104 ne a kashi huɗu, kowane kashi bit 26. Goma sha shida ne saƙo, goman da suka rage na tantancewa ne.

A kan goman nan ya kamata a tsaya. Aikinsu su tabbatar saƙo ya iso kamar yadda ya bar gidan rediyo, tsawa ko raunin zango bai taɓa shi ba. Ba ruwansu da ko abin da aka aiko gaskiya ne. Tamkar ɗan aiken da ya kawo wasiƙa a rufe, bai jiƙa ta ba, bai yage ta ba, ka tambaye shi abin da ke ciki ya ce a tambayi mai rubutu. Shi ya sa kuskuren hanya ke da sauƙi. Sunan tasha, wanda injiniyoyi ke kira PS, harafi takwas ne, bibbiyu ake turo su, don haka a wurin da zango ya yi rauni sai ka ga rabin suna, ka ɗan matsa gaba ya cika. Kuskuren da aka shigar da hannu a na'urar gidan rediyo kuwa yana iya shekara yana fita, kowane rediyo na karɓarsa hannu bibbiyu.

Sunan nan ma don idon mutum aka yi shi. Abin da rediyon ke aiki da shi wata lamba ce da ba a nuna wa mai sauraro, PI, mai alama huɗu. Ta farko ƙasa ce: C ta Birtaniya, D ta Jamus, F ta Faransa. Ta biyu faɗin yankin da shirin ke kaiwa, biyun ƙarshe lambar shirin kansa. BBC Radio 2, alal misali, C202 ce. Direban da ya tashi daga Landan ya nufi Sikotilan zai ratsa yankunan turakun watsa shiri da dama, kowanne da mitarsa tsakanin 88 da 91. Tashar na turo masa jerin sauran mitocinta, rediyon na leƙa su a asirce, in ya sami wadda ta fi ƙarfi sai ya duba PI. Lamba ta zo ɗaya, ya koma can, direba bai ma ji an sauya ba.

To a ce na'urar da ke haɗa bayanan an sayo ta an jona, ba wanda ya canza lambar da masana'anta ta sa mata, wani gidan rediyo a garin gaba shi ma haka. A wurin rediyon mota waɗannan biyun tasha ɗaya ce. Yana iya ɗauke ka daga tsakiyar labarai ya jefa ka cikin waƙar da ba ka nema ba, ko ya haɗe su a maɓallin ajiya guda. Haka abin yake idan an sayar da tasha, ko an sake mata suna, ko an kunna na'urar ko-ta-kwana da aka ɗauko daga wani gidan da tsohon bayaninta a ciki. Mai mota kuwa ya tafi wajen mai gyaran waya ya kashe kuɗi, alhali rediyonsa lafiya lau. Ƙorafin ba ya isa inda laifin yake, domin ba wanda ke ganin lambar sai mai na'urar awo.

Akwai kuma ƙarancin alamomin ƙasa, goma sha biyar ne kawai, dole ƙasashe masu nisa da juna su yi tarayya a kan alama ɗaya. An ƙara wata lamba don bambanta su, sai dai ba kowace tasha ke turawa ba. Masu sha'awar farautar tashoshin nesa, waɗanda ke jiran lokacin zafin Turai da sararin sama kan maido da zangon FM daga nisan fiye da kilomita dubu, su suka fi kowa jin haushin wannan. Sau da yawa daƙiƙa kaɗan tasha ke yi ta ɓace, PI ce kaɗai shaidarsu.

Amurka ta karɓi tsarin a 1993 da sunan RBDS, ta yi masa nata gyaran. Can kowace tasha na da haruffan rajista masu farawa da K ko W, daga su ake lissafa PI. Harafin A sifili ne, B ɗaya, har zuwa Z 25. A ninka harafi na biyu da 676, na uku da 26, a haɗa da na huɗu, a ƙara 4,096 in tashar ta K ce, ko 21,672 in ta W ce. Wasu rediyoyin na juya lissafin su fitar da haruffan da kansu, don haka lamba ɗaya ta goce, sai haruffan wata tasha daban su bayyana. Jadawalin nau'in shiri ma ya saɓa: lamba 4 wasanni ce a Turai, a Amurka shirin hira, lamba 5 ilimi ce a Turai, a Amurka kiɗan rok. Motar Amurka ta kamo tashar da ke bin jadawalin Turai, sai ta laƙaba wa darasi sunan kiɗa.

Wani kuskuren kuma da gangan ne. Ƙa'ida ta ce haruffa takwas ɗin nan su tsaya cik, domin kada rubutu mai motsi ya ɗauke hankalin direba, kuma an ware wani fili mai harafi 64 don sunan waƙa da sanarwa. Amma tashoshi da yawa na cusa talla da lambar waya a gurbin suna, saboda shi kowane rediyo ke nunawa. Ka ajiye tasha a daidai lokacin, wani rediyon sai ya riƙe guntuwar kalmar talla a matsayin sunanta. A ganina wannan ya fi mantuwar injiniya muni, don mai yi ya san abin da yake yi. Agogo ma kan kuskure, ko da ba da gangan ba: ana turo lokaci sau ɗaya a minti, in agogon na'urar gidan ya goce, na motocin da ke saita kansu da shi su bi sahu.

Wani kuskure mai tsada irin wannan ya faru a Siyatil ta Amurka a ƙarshen Janairun 2022, ba ta RDS ba, ta ƙaninsa na zamani, HD Radio, wanda ke iya turo hotuna tare da sauti. Tashar KUOW, a mita 94.9, ta turo hoton da sunan fayil ɗinsa ba ya ɗauke da 'yan haruffan ƙarshe masu nuna wane irin hoto ne. Sauran motoci ba su damu ba. Wasu motocin Mazda ƙirar 2014 zuwa 2017 kuwa da waɗannan haruffa suke gane fayil. Kwamfutarsu ta rasa yadda za ta yi da shi, ta mutu, ta tashi, ta sake cin karo da shi a ma'ajiyarta, ta sake mutuwa. Allo ya daina aiki, taswira da haɗin waya suka tafi, rediyo ya maƙale a kan KUOW ba ya gaba ba ya baya. Maganin a lokacin shi ne sauya na'urar ɗungurungum, kuɗinta kusan dala 1,500. Mazda ta ce za a sauya wa masu motocin kyauta, sai dai abin ya faɗo a lokacin da duniya ke fama da ƙarancin kayan lantarkin mota, masu motocin suka shiga layin jira.