Naushin da Ido Ba Ya Iya Bi

Da kaka ta yi a ƙasar Zuru, an kai dawa rumbu, hankalin samari yakan koma fili. Lelna, mutanen yankin, suna da kokawarsu ta bikin Uhola, can cikin ƙasar Hausa kuwa lokacin ne 'yan dambe ke naɗe hannu da zare. A duk inda aka yi kisa cikin turmin farko, za ka ji 'yan kallo suna cewa asiri ne, ko laya ce ta ci. Ni dai ina ganin bayanin da kimiyya ta bayar ya fi wannan ban mamaki, ya kuma fi girmama ɗan wasan.

Tsakanin ido ya ga abu da jiki ya fara motsi, ana ɗaukar kusan kashi 1 cikin 5 na sakan, ko da mutum lafiyayye ne mai kuzari. Naushin gwani daga nisan taku ɗaya yakan iso cikin lokacin da bai wuce wannan ba. Ke nan wanda ya jira sai ya ga hannu ya taso, ya riga ya makara.

An yi nazarin wannan a wasan besbol na Amurka, inda ake jefo ƙwallo mai bugu ya tare ta da sanda. Tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18.44 ce kawai, ƙwallon kuma takan yi gudun kilomita 150 a awa, ta iso cikin ƙasa da rabin sakan. Lilo da sandar ma yana cin nasa rabon. A 1984 Terry Bahill ya auna motsin idon masu bugu, ya nuna cewa ido ba ya iya bin ƙwallon har zuwa inda take haɗuwa da sanda. To da me suke bugu? Da hasashe. Suna karanta kafaɗar mai jifa da wuyan hannunsa, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci tun ƙwallon tana hanya.

Abin da ya faru a 2004 ya fito da wannan fili. Jennie Finch, gwanar wani nau'in wasan da ake jefo ƙwallo daga ƙasa-ƙasa, ta jefa wa Albert Pujols, ɗaya daga cikin manyan masu bugu na zamaninsa, ya kasa taɓa ƙwallon. Idonsa lafiya lau. Jikin da bai saba karantawa ba ne ya tsaya a gabansa. Duk wanda ya san dambe ya san wahalar da bahago ke bayarwa, kuma dalilin ɗaya ne: yawancin abokan karawar da mutum ya saba da su na-dama ne.

Shi ya sa hannun da ɗan dambe ke miƙawa gaba yake da aiki fiye da kariya. Da shi yake auna tazara, yake rufe wa abokin karawa gani, yake jin lokacin da nauyinsa ya koma ƙafar baya. Yaudara ma daga nan take. Ka girgiza kafaɗa, ƙwaƙwalwarsa ta aika umarni, kafin ya janye umarnin ka sauke masa na gaske.

Ƙarfin kuwa daga ƙasa yake tasowa. Ƙafar baya ta tura, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu ya zo a ƙarshe, kamar bulala wadda bakinta ne ke ƙara amma daga mariƙi motsin ya faro. Idan hannu ya riga ƙugu fita, naushin ya tashi fanko komai kaurin damtse. Ɗan kokawar Uhola da ke ɗaga wanda ya fi shi nauyi, da ƙugu da cinya yake yi.

Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke koyo. Da yawa suna dukan buhun yashi har hannu ya kumbura, alhali buhu ba ya yaudara, ba ya ramawa. Karanta jiki sai da jiki: karawa mai sauƙi da mutane iri-iri, dogo da gajere, bahago da na-dama, ba tare da dukan kai ba. Ƙwaƙwalwar da ke wannan lissafi ita ce naushi ke girgizawa, kuma yaron da ya faɗi ya tashi yana jiri bai kamata a mayar da shi fili a ranar ba, komai zugar makaɗa.