Wa ke ƙirga fasinjoji a gaɓar Warra?

Yau mun gangara kudancin jihar Kebbi, zuwa Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a masarautar Yauri, garin da ke bakin tafkin Kainji. Ba cikin kasuwa za mu shiga ba. A gaɓar ruwa za mu tsaya, inda jirage ke lodi.

Babu ɗan Warra da zai manta ranar Laraba, 26 ga watan Mayun 2021. A ranar ce wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna da ke jihar Neja, ya nufo Warra, amma bai iso ba. Ya dare gida biyu a tsakiyar ruwa da mutane sama da 150 a cikinsa, har da mata da ƙananan yara. Waɗanda aka ciro da rai a ranar ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki masunta da gwanayen ninƙaya suna tsamo gawarwaki, ana sallah ana kai wa makwanci. Hukumomi suka ce jirgin ya tsufa, kuma an jibga masa abin da ya fi ƙarfinsa: ga mutane, ga babura, ga buhunan ƙasa daga wuraren haƙar zinariya. Allah ya jiƙansu da rahama.

To, ga abin da ya tsaya mini a rai tun daga lokacin. Da aka zo faɗin yawan mutanen da ke cikin jirgin, wannan ya ce 160, wancan ya ce 180. Ba ƙarya wani ya shirga ba. Babu dai wanda ya ƙirga su lokacin da suke shiga, balle a rubuta sunayensu. Sai da uwa ta ga ɗanta bai dawo gida ba, sannan aka san yana ciki.

Kafin a ɗora wa mutanen yankin laifin ganganci, ya kamata a san yadda ruwa ya zama musu hanya. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, kogin Kwara ya tumbatsa ya zama tafki, ya cinye gungaye da gonaki da tsohon garin Bussa, aka tashi dubban mutane, Gungawa da Kambari da sauransu, aka sake musu matsuguni. Wutar lantarkin da ake samarwa ta wuce birane, su kuma aka bar su da fito. Ɗan'uwan da a da taku kaɗan ne tsakaninku, yanzu sai ka biya kuɗin jirgi kafin ka je masa gaisuwa. Itatuwan da ruwa ya rufe kuwa, kututturansu na nan a ƙasa har yau, suna jiran cikin jirgin da ya yi nauyi. A tudun ma ba hutu: mako uku kacal bayan wannan hatsari, ranar 17 ga watan Yuni, 'yan bindiga suka afka Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, ita ma a Ngaski, suka kwashi ɗalibai da malamai. Ƙaramar hukuma ɗaya, musiba biyu.

Tambayar ita ce, gaɓar nan ta wane ne?

In ka bi doka, ruwan na gwamnatin tarayya ne. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita ke da ikon rajistar jirage da duba lafiyarsu, kuma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙara jaddada ikon tarayya a shari'ar da aka yi da jihar Legas. Dokokinta ba su da wuyar fahimta: a sa rigar kariya, kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a yi tafiyar dare. Ga kuma hukumar HYPPADEC da aka kafa domin yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, wadda ta sha raba rigunan kariya. Ga gwamnatin jiha a Birnin Kebbi. Ga hakimi, ga sarkin ruwa, ga ƙungiyar masu jirage. Masu gaɓa sun yi yawa, amma ran kasuwa da hantsi, lokacin da yaron jirgi ke cewa saura mutum biyu alhali ruwa ya kusa taɓa baki, da wuya ka ga wanda zai ce masa ya isa haka.

Akwai wani abu da ba kasafai ake ambata ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota, ya kuma ba su ikon ba da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale. E, kwale-kwale, da sunansa. Lauyoyi na iya musu kan inda kwale-kwale ya tsaya, babban jirgi mai inji ya fara. Ni dai a ganina wannan musun ba ya hana komai. Jami'in tarayya ba zai iya tsare kowace mashiga daga Shanga zuwa Yauri har Ngaski ba. Mai yankan rasit na ƙaramar hukuma kuwa, kowa ya sani, ba ya fashin ran kasuwa. Hannun da ya iya yanka wa akuya rasit zai iya rubuta sunan mai akuyar kafin ya hau jirgi.

Mai jirgi ma yana da bakin magana. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin man da inji ke sha ya ninka, fasinja kuma ba ya son ƙarin kuɗin fito, sai a rama a lodi. Fasinjan shi ma in an miƙa masa riga yakan ce zafi, ko ya ce a ruwa aka haife shi. A watan Oktoban 2023, wani jirgin da ya taso daga yankin Agwara zuwa kasuwar Yauri ya kife, aka nemi mutane da dama aka rasa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ɗora wa jirgi ninkin kayansa ya san abin da ya yi.

Shekara da shekaru amsar sakatariyar ƙaramar hukuma ɗaya ce: babu kuɗi, suna can asusun haɗin gwiwa da jiha. Kuma gaskiya ne shugaban da ya san daga Birnin Kebbi aka ba shi tikiti, can zai fi kai kunnensa, ba gaɓar ruwa ba. Sai dai ranar 11 ga watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ma yaya ake ciki da aiwatar da hukuncin, littafi da biro ba sa jiran Abuja. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a ja layi a jikin jirage da dama, a ce in ruwa ya rufe layin nan, jirgi ba ya tashi.

Ranku ya daɗe, shugabannin ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga, da ku kansiloli masu mazaɓu a bakin ruwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna da sarakunan ruwa da masu jirage da jami'an NIWA kafin damina ta kankama, ku sa mutum ɗaya da aka san sunansa a kowace gaɓa, wanda in ya ce a rage kaya za a rage, in aka ƙi kuma akwai hukunci. Kai kuma ɗan'uwa mai shirin fito ran kasuwa mai zuwa, in ka ga jirgi ya cika, ka haƙura ka jira na gaba.