Kafin Mu Kai Aiki Maɗaba'a

Kowace shekara, idan kaka ta gabato, ikilisiyoyi da yawa sukan fara shirin buga wani abu. Wasu kalandar sabuwar shekara suke so, da hotunan dattawa da na zumuntar mata. Wasu littafin tsarin sujadar godiyar kaka suke bukata. Kwamitin lafiya kuma yana son fosta da za a manna a bakin rijiya. Kuɗin wannan aiki daga hannun jama'a yake fitowa: wannan ya kawo mudun masara, waccan ta sayar da kaza. Saboda haka abin baƙin ciki ne a buɗe ƙunshin da aka ɗauko daga birni a tarar fuskoki sun yi duhu, ko an yanke sunan wani a gefen takarda.

Mu ma abin ya taɓa samunmu. Mun kai aikin fosta 500 a kan tsabtar ruwan sha, muka bar shi a hannun mai bugu, muka koma gida don kada motar kasuwa ta bar mu. Da aikin ya iso, duk inda harafin ƙ ko ɗ yake, sai ga ɗan akwati a wurin. Muka koma da fushi. Mai bugun ya buɗe fayil ɗinmu a gabanmu, muka ga haka yake a kwamfutarsa. Ba mu nemi ganin gwaji ba kafin a buga, don haka asarar ta zama tamu.

Abin da muka koya shi ne: injin bugu ba ya gyara kuskure. Abin da aka ba shi, shi yake maimaitawa, ko sau 50 ko sau 5,000. Yawancinmu ba mu ne za mu zauna gaban kwamfuta ba. Wani matashi ne zai tsara mana, ko mai shagon kwamfuta a gari. Amma idan kwamiti ya san abubuwan da ke biye, zai san tambayar da zai yi.

A fara da tambayar mai bugu

Kafin a tsara kome, a je wurin mai bugu, ko a kira shi a waya. A gaya masa irin aikin, da girmansa, da yawan da ake so. Takardu suna da girman da aka sani ko'ina. A4 ita ce irin ta wasiƙa, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. A3 ninkinta biyu ce, 297 da 420, ita ake yawan yin fosta da ita. A5 rabin A4 ce, 148 da 210, daidai littafin tsarin sujada. Idan aka tsara aiki a kan A4 sannan aka ce a ja shi ya zama A3, hotuna za su lalace.

A tambayi kaurin takarda kuma. Da giram ake auna shi. Giram 80 ita ce takardar ofis. Mai sheƙi ta giram 130 zuwa 150 ta dace da kalanda da fosta. Bangon littafi ko katin gayyata yana son 250 zuwa 300.

Hanyar bugu iri biyu ce. Akwai injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, shi ya fi araha idan kwafin kaɗan ne. Akwai kuma babban inji da ake yi wa faranti, wanda masu bugu suke kira filet. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 1,000, shi ya sa idan aikin ya yi yawa farashin kowane kwafi yake sauka. Ikilisiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya za su iya haɗa kai su buga fosta guda, kowa ya samu sauƙi.

Hoto

Kowane hoto na waya ko na kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. A fuskar waya hoto mai ɗigo kaɗan yakan yi kyau, domin fuskar ƙarama ce. A kan takarda kuwa ana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato kimanin 118 a kowace santimita. Hoton da za a buga santimita 10 da 15 yana bukatar fiksel kimanin 1,200 da 1,800. Wanda zai cika A4 yana bukatar 2,480 da 3,508. Hoto mai fiksel 800 a faɗi bai kamata ya wuce santimita 7 a takarda ba. Idan aka ja shi ya fi haka, zai yi dishi-dishi, kamar kunun da aka cika wa ruwa don ya ishi baƙi.

Wayoyin yanzu da yawa suna ɗaukar hoton da ya isa. Matsalar a hanya take. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan rage shi. Hoton da aka sauke daga Facebook ma haka. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai wayar da ta ɗauki hoton a kwashe shi da igiya zuwa kwamfuta.

Tawada takan ɗan bazu a jikin takarda, don haka hoto yakan fito da duhu fiye da yadda yake a waya. Hoton da aka ɗauka cikin majami'a da taga a bayan mutane, fuskoki ba za su fito ba. A fita waje da safe ko da yamma, hasken ya kasance a gaban mutanen. Kuma a nemi yardar duk wanda hotonsa zai shiga, musamman marasa lafiya, da iyayen yara.

Launi

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Ana kiran wannan tsari RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa, da baƙi. Wannan shi ne CMYK, kuma a babban inji kowace tawada da farantinta. Akwai launukan da haske yake iya yi amma tawada ba ta iyawa, musamman shuɗi da kore masu ƙyalli. A gaya wa mai tsarawa ya yi aikin cikin CMYK tun daga farko, don abin da kwamiti ya gani ya yi kusa da abin da zai fito. Idan akwai launin da ba a so ya canza, kamar na zanen zumuntar mata, a kai ƙyallen wurin mai bugu ya gani da idonsa.

Ƙananan rubutu kuma a yi su da baƙar tawada kaɗai. Idan baƙin an haɗa shi daga tawada huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, rubutun zai fito da inuwa, tsofaffi su kasa karantawa. Idan kuɗi ya yi kaɗan, aiki mai launi ɗaya ko biyu ba abin kunya ba ne. Faranti ɗaya ya fi huɗu araha, kuma saƙon yana isa.

Gefe

Mai bugu a kan babbar takarda yake bugawa, sannan ya tara ɗaruruwa ya yanke su tare da babbar wuƙa. Wuƙar takan goce da milimita ɗaya ko biyu. Domin haka akwai ƙa'idodi biyu.

Ta farko: idan launi ko hoto zai kai har bakin takarda, a bar shi ya wuce bakin da milimita 3 a kowane gefe. Masu bugu suna kiran wannan rara bilid. Fayil ɗin A4 mai rara zai zama 216 da 303. In babu rarar, za a ga farin layi siriri a gefe.

Ta biyu: kowane rubutu ya nisanci baki da aƙalla milimita 5. A saman kalanda, inda za a sa ƙarfe ko a huda rami, a bar fili fiye da haka. Wannan ba maganar ado ba ce kawai. Ku ɗauki fostar da ke koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan wuƙa ta cinye kalmar "rabin", fostar za ta koyar da ninkin gishirin, yaro kuma zai iya cutuwa.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Tun shekarun 1930 ake rubuta Hausa da ɓ, ɗ da ƙ. Amma yawancin salon haruffa masu ado da ke cikin kwamfuta ba a yi su da waɗannan ba. Ko kuma kwamfutar mai tsarawa tana da salon, ta mai bugu ba ta da shi, sai ta sauya shi da wani. Nan ne akwatin yake fitowa. Wani mai tsarawa kuma, don gudun wahala, sai ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. Sai ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da, ƙara ta koma kara.

Maganin yana da sauƙi. Akwai salon haruffa na kyauta da ke da haruffanmu, kamar Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google. Masu wani harshe ban da Hausa su ma su duba ko nasu haruffan suna ciki. Bayan an gama gyara, a mayar da aikin ya zama PDF, tare da haruffan a kulle a cikinsa. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin takarda ta kasance iri ɗaya a kowace kwamfuta. Idan da CorelDraw aka yi aikin, kamar yadda shaguna da yawa suke yi, mai tsarawa ya mayar da rubutun ya zama zane. Amma daga nan ba a iya gyara kalma, don haka a fara ajiye wani kwafi da ake iya gyarawa.

Shafuffuka da ranaku

Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya, kowace takarda da aka ninka tana ba da shafi 4. Don haka shafuffuka su zama 8, 12, 16 ko 20. Idan namu 14 ne, za mu biya kuɗin 16, gara mu cika sauran biyun da abu mai amfani.

Kalanda kuma a bi ta wata-wata. Masu tsarawa sukan ɗauko ta bara su canza shekara kawai. A duba ranar da kowane wata ya fara. A duba Fabrairu, domin a 2028 kwana 29 zai yi. A duba ranar Ista, domin kowace shekara tana canzawa.

Gwaji kafin bugu

Wannan shi ne matakin da muka tsallake. A nemi mai bugu ya fitar da kwafi ɗaya a takarda, daidai girman aikin. Kada a dogara ga hoton da ya turo ta waya. Mutum biyu ko uku su karanta, kuma ɗaya ya kasance wanda bai taɓa ganin aikin ba, gama idon da ya rubuta yakan ga abin da yake nufi ne. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya yana bin rubutun asali da yatsa. A duba sunaye, da lambobin waya, da ranaku, da sunan da ke ƙarƙashin kowane hoto. Sunan dattijo da aka manta a kalanda yana iya jawo ɓacin rai na shekara guda.

Idan an gamsu, wakilin kwamiti ya sa hannu a kan gwajin, a riƙe kwafi. Bayan sa hannu, kuskuren da ke cikin gwajin namu ne. Idan kuma aikin ya fito dabam da gwajin, muna da shaidar da za mu nuna. Gyara kafin a yi faranti kusan kyauta ne. Bayan an yi, sai an sake biyan kuɗin faranti.

Sauri ya haifi nawa. A Nuwamba da Disamba, da lokacin zaɓe, maɗaba'u sukan cika da aiki. Kwamitin da ya fara tara hotuna a Satumba zai sami lokacin ganin gwaji ya kwana a kansa. Idan an karɓi aiki, a buɗe ƙunshin a shagon, a ƙirga, a zaro kwafi daga sama da tsakiya da ƙasa a duba. A ƙarshe a karɓi fayil ɗin a filash, sakatare ya ajiye, domin baɗi kada a sake biyan kuɗin tsarawa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane aiki muka taɓa bugawa? Me ya yi kyau, me kuma ya lalace?
2. Wa yake cikinmu mai ido a karatu, wanda za mu ba shi duba gwaji?
3. Akwai matashin da za mu taimaka masa ya koyi wannan sana'a, don ya riƙa tsara mana?
4. Da waɗanne maƙwabta za mu iya haɗa kai mu buga aiki ɗaya?