Ranar da na farfasa DNA fiye da kima

Lokacin da nake SIWES a wani ɗakin gwaje-gwaje, na yi kwana biyu ina fitar da DNA mai kyau, dogo, ko karyewa bai yi ba. Sai mai kula da ni ta ce, "To, je ki farfasa shi." Wallahi na ɗauka zolaya ce.

Ashe da gaske take. DNA ɗin mutum ya kai haruffa kusan biliyan 3, injin Illumina kuwa yawanci haruffa 150 yake karantawa daga kowane bakin gutsure. Dole a daddatsa zaren zuwa haruffa 300 zuwa 500, a liƙa wa kowane gutsure adafta. Wannan tarin shi ake kira laburare.

Mu da Bioruptor muka yi aiki. Amon sauti mai ƙarfi ne ke tayar da ƙananan kumfa a ruwa, suna fashewa suna tsinka zaren. Daƙiƙa 30 yana aiki, 30 yana hutawa, ruwan kuma a digiri 4, don zafi na raba zaren biyu na DNA. In wuta ta ɗauke ruwan ya ɗumama, ku dakata kawai.

Ga inda na yi kwaɓa. Na kwafi adadin zagaye daga littafin wani, ban lura cewa ruwan samfurina ya ninka nasa ba. Yawan ruwa a kwalba na rage ƙarfin farfasawa, don haka jel ya nuna gutsattsarin sun yi tsawo. Haushi ya sa na ƙara zagaye goma a tashi ɗaya, da samfurin gaba ɗaya. Komai ya koma ƙasa da 150. Gutsure gajere haka, injin zai ƙare shi ya shiga karanta adafta, kuɗi sun tafi a banza. Dogo ana iya mayar da shi inji, amma wanda ya guntule ba ya komawa.

Da aka sake kawo samfuri, sai na ɗebi kaɗan a kwalabe uku, ruwa daidai wa daida, na ba su zagaye 4, 6 da 8, na jera su a jel kusa da ma'aunin tsayi. Na shida ne ya faɗa daidai, shi na bi da sauran.