Zogala a bayan ɗaki

Ƴan uwa, in bazara ta kama, ɗanyen ganye yakan yi wuya. Miya sai ta kuka da busasshiyar kuɓewa. A lokacin nan dundumi yakan kama yara da mata masu ciki: rana na faɗuwa, ba su gani sosai. Abin da jikinsu ya rasa shi ne bitamin A, kuma akwai shi cikin ganyen zogala.

Shukarta ba wuya. Maigida, ka gina rami kamu ɗaya kusa da wurin alwala. Ka zuba tsohon taki, ka sa iri biyu. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun ishe ta. Ka kewaye ta da ƙaya, don akuya ba ta da kunya. In ta kai ƙugunka, ka datse kanta, sai ta yi rassa da yawa.

Uwargida, ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli: man gyaɗa yana taimakon jiki ya karɓi bitamin ɗin. Ganyen da ya rage ki shanya shi a inuwa, don rana tana cinye amfaninsa. In ya bushe ki daka, ki riƙa zuba cokali ɗaya cikin kunun yaro.