Sanyi Ko Zafin Ɗaki: Bayani A Kan Gardamar Turawa Game Da Giya

Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin mutanen Ingila da na Amurka wadda mai nazarin fassara ba zai rasa cin karo da ita ba, ko a jarida ko a littafin ƙagaggen labari. Ba'amurke yana yi wa Baturen Ingila ba'a cewa giya mai ɗumi yake sha, shi kuwa Baturen Ingila yana rama wa da cewa Ba'amurke ƙanƙara yake sha da sunan giya. An ce zolayar ta ƙara ƙarfi ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojan Amurka suka yi zama a Ingila. Har a 1993 Firayim Minista John Major, da ya tashi lissafa abubuwan da yake ganin ƙasarsa ba za ta rabu da su ba, sai da ya sa giya mai ɗumi a ciki.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba, kuma ba kira ake yi ga kowa ya sha ba. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a nuna cewa ita kanta tambayar, watau ko da sanyi ya fi ko da zafin ɗaki, an yi ta ne a karkace. Giya ba iri ɗaya ba ce, ɗaki ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fassara maganar kai tsaye zuwa Hausa, ya ce Turawan Ingila suna shan giyarsu da zafin ɗaki, ya faɗa wa mai karatu na Kano abin da ba haka yake ba.

Ɗakin wa ake nufi?

A Kano ko Sakkwato, cikin watan Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin santigireti, cikin ɗaki kuwa ba wuya ya wuce 30. Babu Baturen da ke shan giyarsa a kan wannan zafi da son ransa. Giyar gargajiya ta Ingila, wadda ake kawowa gidan sha a cikin ganga tana sauran tsima, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye ta, daga can ake jawo ta da famfon hannu. Zafin da masu sana'ar suka amince da shi shi ne digiri 11 zuwa 13. Wannan shi ne kusan sanyin asubahin hunturu a Kano, lokacin da ake lulluɓa da bargo, yara na jin ɗumi a bakin murhu. Abin da Ba'amurke ke kira ɗumi ke nan.

Wani marubuci ɗan Ingila mai suna Michael Jackson, wanda ya rasu a 2007 (ba shahararren mawaƙin nan na Amurka ba), ya shafe rayuwarsa yana rubutu a kan giya, ya kuma tsara matakai biyar na sanyi. Ya sa farar laga a kan digiri 7, giyar Ingila da baƙar giya irin sitawut a kan 13, sa'an nan giya mai ƙarfi da kauri a kan 15 da rabi. Wannan mataki na ƙarshe shi ya kira zafin ɗaki. Ashe ke nan ɗakin da ake magana a kai ɗakin tsohon gidan Turai ne mai bangon dutse, wanda ko a bazararsu sai an sa rigar sanyi a cikinsa da dare. Duk matakan biyar, a ma'aunin Bahaushe, sanyi ne.

Yisti ne ya raba gardama

In ana so a gane dalilin wannan bambanci sai a koma wurin da ake yin giyar. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a sa furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop don ɗaci da ƙanshi, sa'an nan a zuba yisti. Shi yisti ƙwayar halitta ce mai rai, yana cin zaƙin da ke cikin ruwan ya mai da shi sinadarin maye da iskar da ke kawo kumfa. Yistin da ake aiki da shi iri biyu ne manya.

Na farko yakan taso saman ruwan, kuma ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 da 24. Shi ne na giyar da Turawan Ingila ke kira el, shi ne kuma na yawancin giyar Beljiyam. Da yake cikin ɗumi yake aiki, yakan bar wasu sinadarai masu ƙanshi kamar na 'ya'yan itace. Giyar alkama ta Bafariya, alal misali, an san ta da ƙanshin ayaba da na kanumfari, alhali ba a sa mata ko ɗaya daga cikinsu ba, aikin yisti ne kawai.

Na biyu yakan kwanta a gindin ganga, yana aiki a hankali tsakanin digiri 7 da 13, bayan haka a ajiye giyar makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Ita kalmar laga ma daga Jamusanci ta fito, ma'anarta ajiyewa. Wannan giya takan fito garau, ba ta da yawan ƙanshin yisti, abin da ake nema a cikinta shi ne tsabta da kaifin kumfa. A 2011 masu bincike suka ba da sanarwar gano ɗaya daga cikin iyayen wannan yisti a dazuzzukan Fatagoniya, kudancin Ajantina, inda yake zaune a jikin itatuwa cikin sanyi. Jure sanyinsa gado ne.

Tarihi ma ya taimaka. A 1553 sarkin Bafariya, Albrecht na Biyar, ya hana dafa giya tsakanin 23 ga Afrilu da 29 ga Satumba, don giyar lokacin zafi takan lalace. Dole masu sana'ar suka riƙa dafawa da hunturu, su ɓoye a kogunan dutse da ramuka, su jibga ƙanƙarar da suka yanko daga tafki. Ba su san cewa yisti ƙwayar halitta ce mai rai ba a lokacin, amma dokar ta yi musu zaɓe: wanda ya jure sanyi ya rayu, wanda bai jure ba ya ja baya. A 1842 wani Bajamushe mai suna Josef Groll ya dafa farar laga mai launin zinariya a garin Filsen, wanda yau ke cikin ƙasar Cek, ita ce kuwa kakar yawancin giyar kwalba da ake sayarwa a duniya. Daga 1873 Carl von Linde ya soma ƙera na'urar sanyi don gidan giya na Spaten a birnin Munik. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, ya ware tsantsar yistin laga shi kaɗai. Da waɗannan abubuwa suka haɗu, laga ta daina jiran hunturu, ta daina bukatar kogo, ta bi jirgin ƙasa da na ruwa ta gama duniya. Abin lura a nan shi ne, gidajen giya suna cikin waɗanda suka fara zuba kuɗi a kan na'urar sanyi, tun kafin firji ya shiga gidajen mutane.

Abin da sanyi ke yi wa harshe da hanci

Ba sai mutum ya taɓa kusantar giya ba zai gane wannan sashe. Kowa ya san lemon kwalba. In yana da sanyi, zaƙinsa daidai ne, iskarsa na cizon harshe. In ya kwana a rana, da an buɗe sai ya yi tsiri ya zube, abin da ya rage kuwa zaƙi ne mai gundura kamar an dama sukari. Sukarin bai ƙaru ba, harshe ne ya ƙara jin sa.

Abu uku ke faruwa. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska: abin da zai riƙe a bakin daskarewa ya kusa ninka abin da zai riƙe a digiri 20. Ƙanshi kuma tururi ne, ɗumi ke ta da shi ya kai hanci, sanyi kuwa ya danne shi. Shi ya sa miyar da ta huce ba ta kiran mutum daga zaure. Na ukun yana cikin harshen kansa. A 2005 wasu masana na jami'ar Leuven a Beljiyam suka nuna cewa wata kafa a ƙwayoyin ɗanɗano, wadda ke da hannu wajen isar da saƙon zaƙi da ɗaci, tana ƙara kuzari in zafi ya ƙaru tsakanin digiri 15 da 35.

To, in an ɗora wannan a kan giya iri biyun nan, sai a ga kowane ɓangare yana da hujja a gidansa. Farar laga ba ta da ƙanshi mai yawa da sanyi zai danne, kuma abin alfaharinta, watau kumfa da kaifi, sanyi ne ke tsare shi. In ta yi ɗumi sai ta saki iska, ta yi lami, duk wani aibu da ke cikinta ya fito fili. Ita kuwa giyar ganga ta Ingila iskarta kaɗan ce tun asali, dukiyarta duk a ƙanshi take. Wanda ya sa ta a ƙanƙara ya biya kuɗin abin da ba zai ji ba, har ma takan yi hazo-hazo, don wasu sinadaran sha'ir sukan dunƙule in sanyi ya yi yawa.

A nan ne, a ganina, masu sukar tsananin sanyi suka fi gaskiya. Sanyi yana ɓoye kyau, yana kuma ɓoye muni, bai san bambanci ba. Kamfanin da ke talla da cewa giyarsa ta fi kowace sanyi, yabon firjinsa yake yi, bai ce kome a kan giyar ba. Irin wannan tunani yana cikin abin da ya sa wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971, don kare giyar ganga daga wadda ake tacewa, a kashe yistinta, a cusa mata iska, a sanyaya. Amma su ma masu wannan ra'ayi wani lokaci sukan wuce gona da iri, su mai da al'adar tsibirinsu mai ruwan sama da hazo ta zama doka a kan kowa. Mutumin Bankok ko Hanoi da ke jefa ƙanƙara cikin kofin giyarsa ba jahilci ke damunsa ba. Ƙishirwa yake kashewa a ƙasar da kofi ke ɗumama cikin 'yan mintoci, kuma giyar da ke gabansa laga ce marar nauyi wadda ba ta da abin asara da yawa.

Akwai ma zamanin da ake ɗumama giya da gangan. A Ingila ta dā akan tsoma ƙarfen da ya yi ja a murhu a cikin kofi, a sa kayan yaji, musamman da hunturu, har a 1641 aka buga wani ɗan littafi a Kambirij mai da'awar cewa giya mai ɗumi ta fi lafiya ga ciki. A Bafariya kuma akwai wani bututun ƙarfe da ake cika shi da ruwan zafi a rataya cikin kofi, tsofaffi suka fi neman sa.

Burkutu da giyar kwalba

Ƙasarmu ta san ɓangarorin nan biyu, ko da yake ba a yi gardama a kansu da baki ba. Burkutu da fito, waɗanda ake yi da tsiron dawa a wurin Maguzawa da ƙabilu da yawa na tsakiyar Nijeriya da arewacin Gana, giya ce ta ɗumi tun daga tukunya har ƙoƙo. Cikin zafin ƙasar take tsima, tana da tsami da kauri, ba a tace ta garau, kuma ana shan ta ne tana cikin tashi, kumfa na fitowa. Ba ta jure ajiya, kwana ɗaya ko biyu ta wuce ta koma tsami zalla. Saboda haka mai dafa ta ba ajiya take tunani ba, ranar kasuwa ko ranar gayya ko biki take auna wa. Ita ce kaɗai, cikin duk waɗanda aka ambata, za a ce ana sha da zafin ɗaki a ma'anar da Bahaushe zai fahimta.

Giyar kwalba kuwa da sanyinta ta zo. Kamfanin giya na Nijeriya ya fitar da kwalbar Star ta farko a Ikko a 1949, laga ce irin ta Turai, wadda ba za a iya dafa ta a wannan yanayi ba sai da na'urar da Linde ya share wa hanya. Guinness ya kafa masana'antarsa a Ikeja a 1962. Ita baƙar giyar Guinness asalinta daga dangin yistin ɗumi take, a jadawalin Jackson wurinta digiri 13 ne, amma a nan firji ɗaya take shiga da laga, don wanda ya ce kada a sa ta a firji ya bar ta ke nan a digiri 30 ko fiye, ba a 13 ba. Tsakanin firji da zafin gari ba mu da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi kusa da shi a gidan Bahaushe shi ne randa, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busarwa, kuma kowa ya san ruwan randa dabam yake da na firji, ba ya kashe haƙori.

Mai fassara da ya gamu da wannan magana a littafin Turanci yana da zaɓi. In ya rubuta giya mai ɗumi, mai karatu zai zaci an ɗora ta a wuta kamar kunu. In ya rubuta zafin ɗaki, zai auna da ɗakinsa na bazara. Abin da ya fi kusa da nufin marubucin shi ne a ce giyar da ba a sa a firji ba, ko kuwa, in ana son hoton da mai karatu zai ji a bakinsa, mai sanyin randa.