Hazo Ba Ya Jiƙa Titi, Ido Yake Rufewa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai saƙonnin murya su fara yawo a WhatsApp. Wai an shiga watannin da hanya ke shan jini, wai akwai wata kwana tsakanin Zariya da Kano da aljanu ke tare motoci, wai kada a kuskura a yi tafiya ranar kaza. Duk shekara sai an maimaita, kuma duk shekara sai an sami masu turawa gaba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da ya turo maka wannan saƙo da daddare, shi ne da asuba zai shiga mota a Na'ibawa, direba ya taka totur har allura ta wuce 130 a cikin hazo, amma ko uffan ba zai ce ba. Yana tsoron aljanin da bai taɓa gani ba, gudun da ake yi da shi kuwa ko a jikinsa.

Hazo dai kowa ya san shi. Iska ce ke tasowa daga arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, ta kwaso ƙura daga hamada. Kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele yake fitowa, a arewacin Chadi, wajen garin Faya, inda wani katafaren tafki ya ƙafe tun shekaru dubbai ya bar farar ƙasa mai laushin gaske. Iska na ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta ɗaga ta sama, ta yi kwanaki ba ta sauka ba. Idan ta yi kauri, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan yi gargaɗin cewa nisan gani zai faɗo zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka, har a soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano. Matuƙin jirgi da duk na'urorinsa ya haƙura ya zauna, amma direban Sharon mai tsagaggen gilashi ya ce ai ba komai.

Dalilinsa kuwa guda ɗaya ne, kuma a kansa nake son tsayawa: "Ai titi a bushe yake." Direbobinmu, in za a faɗi gaskiya, suna girmama damina. Da an fara yayyafi za ka ga an sassauta, don kowa ya san santsi, ya san birki kan yaudari mutum a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Haka nan idan muka ga bidiyon ƙasashen Turai ko Amurka, inda dusar ƙanƙara ke sa motoci hamsin su yi ta karo da juna a babbar hanya, sai mu ce Allah ya raba mu da wannan, namu sanyin ba ya taɓa titi. Gaskiya ne ba ya taɓa shi. To amma tsayar da mota aiki biyu ne, kuma birki shi ne na biyu. Na farko shi ne ka ga abin da za ka tsaya dominsa.

A yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya hango abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, direba mai cikakken hankali kan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya da rabi. Mita 42 ke nan sun tafi, birki bai ma fara aiki ba. Sannan a kan busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau, motar na buƙatar wasu mita 55 zuwa 60 kafin ta tsaya cak. Jimilla kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo daga raga zuwa raga. A gudun 120 abin ya kai wajen mita 130. A gudun 60 kuwa bai wuce mita 45 ba. Duk wannan lissafin an yi shi ne da titi a bushe, wato an riga an ba direba abin da yake taƙama da shi. Kuma ba a sa lodi ba, ba a sa tsohuwar taya ba, ba a sa gyangyaɗi ba.

Wani zai ce, to ai an ce mita 1,000 ake gani, ina ruwan mita 100? Wannan awon na rana ne, kuma na babban abu mai duhu ne da ya fito sarai. Abin da ke kashe mutane a hanya ba haka yake ba. Tirela ce da ta lalace aka bar ta a kan kwalta, ƙura ta rufe bayanta har launinta ya zama ɗaya da na hazon, ba fitila, ba ƙyalle mai ƙyalli, sai 'yan ganyayyaki da yaron mota ya zuba taku goma daga gindinta. Farin sa ne ke tsallakawa da magariba. Mai babur ne ba danja, ya naɗe kansa da rawani saboda sanyi, ba ya ji ba ya gani. Da dare kuwa, ƙaramar fitila ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60 ko da sama garau take. Wanda ke gudun 100 da ita, ko babu hazo, ya riga ya wuce inda idonsa ya tsaya.

Daga nan sai a ce maganin abin a kunna ful-layit. Wannan ma kuskure ne, kuma kusan kowa na yin sa. Babbar fitila sama take harba haske, daidai inda ƙurar take rataye, sai ƙwayoyin ƙurar su maido da hasken cikin idonka. Wanda ya taɓa haska tocila a ɗakin girki da hayaƙi ya turnuƙe ya san abin da nake nufi: hayaƙin kake gani, ba tukunyar ba. Ƙaramar fitila ƙasa take kallo, shi ya sa ta fi amfani, haka ma fitilun hazo da ke ƙasan bamba in motar na da su. Ban da haka, ful-layit na kashe idon wanda ke tahowa, kuma shi ma a kan mutane yake tafe.

Inda abin ya fi muni shi ne wajen obatekin a hanya mai hannu biyu a kwalta ɗaya, ko inda aka karkatar da motoci duka zuwa ɓangare guda saboda aiki. Wuce doguwar tirela kan ɗauki wajen daƙiƙa 10. Idan kana gudun 100, mai tahowa ma yana gudun 100, a cikin waɗannan daƙiƙu za ku cinye fiye da rabin kilomita a tsakaninku. Ke nan duk ranar da ba ka iya hango rabin kilomita sarai, fitar da kan mota caca ce. Hazo kuma yana da wata yaudara: abin da ya dushe, ido kan ɗauka yana nesa. Motar da kake ganin tana can, tana nan.

Akwai kuma masu cewa, "Ni fa hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, shekara ashirin ina bin ta." Madalla. Ka san Kwanar Ɗangora, ka san Tashar Yari, ka san manyan motocin da ke jeruwa a Mararrabar Jos da Tafa, ka san gangaren kowane wuri. Amma ba ka san wadda ta mutu a kan hanya minti goma da suka wuce ba. Ba ka san inda masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta yanzun nan ba, hayaƙi ya kwanto a kan titi ya rufe komai ruf. Wannan hayaƙin ma ya fi hazon haɗari, don shi nisan gani yake mayarwa kusan babu, kuma farat ɗaya. Sanin hanya ma wani lokaci shi ke sa mutum sakaci. Haka sabuwar kwalta. Tun da aka fara sabunta hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a 2018, duk inda aka gama ya yi sumul, sai ƙafa ta yi nauyi a kan totur, ramukan da a da ke tilasta wa mutum sassautawa babu su.

Kuma me ake ci da gudun? Hanyar nan wajen kilomita 375 ce. Mai tafiya a 100 da mai tafiya a 80, tazarar isarsu ba ta cika awa guda ba, ko da babu shinge ko go-sulo ko ɗaya, abin da ba ya faruwa. Doka ma ta yanke: a babbar tagwayen hanya ƙaramar mota 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Wannan iyaka ce ta ranar da gari ya yi garau, ba umarni ba ne cewa lallai sai an kai ta.

Sauran dalilan haɗari, lodin da ya wuce kima, ƙwaya, waya a kunne, shanyar hatsi a gefen kwalta, mutane birjik a saman tirelar shanu, duk suna nan, kowa ya san su.

Yanzu ga mai shirin doguwar tafiya. Ka fara da gilashi. Ka wanke shi ciki da waje da ruwa, don ƙurar da ke manne a ciki ita ce ke baza hasken rana da na fitilu ta makantar da kai. Ka cika tankin ruwan waifa, kada ka kunna waifa a busasshen gilashi, ƙurar za ta kankare shi har abada. Ka goge fitilun gaba da na baya duk inda ka tsaya, ka sa wani ya duba maka ko danja na kamawa. Ka je wurin mai faci a auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, domin sanyin asuba na rage iskar taya, kuma tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke zafi ta fashe da rana tsaka. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ka karanta, musamman in ta gwanjo ce. Ka sa bakanike ya duba matatar iska, ƙura na toshe ta da wuri a wannan lokaci, ya duba ruwan lagireto.

Lokacin tashi ma abin dubawa ne. Al'adar sammako tana da kyau, amma tsakanin asuba da hantsi ne sanyi ke danne ƙura da hayaƙi kusa da ƙasa, kuma a kusa da manyan koguna, irin wajen Koton Ƙarfe a hanyar Lakwaja, hazon raɓa kan haɗu da na ƙura. Gara a bari gari ya waye sosai, a kuma lissafa yadda za a isa kafin magariba. Mai zuwa Maiduguri da safe, ko mai barin Damagaram zuwa Maraɗi da yamma, rana na fuskarsa kai tsaye, ya tanadi tabarau. A hanyoyin Nijar da na can arewa, yashin da iska ta kwantar a kan kwalta santsi ne da shi, kada a taka birki da ƙarfi a kansa.

A cikin hazo, kunna ƙaramar fitila ko da rana, don a gan ka. Kada ka yi tafiya da fitilun gargaɗi huɗu suna ƙyaftawa, na bayanka zai ɗauka a tsaye kake, kuma ka rasa sigina. Kada ka manne wa danjar motar gaba kana bin ta, in ta faɗa rami tare za ku faɗa. Ka zaɓi wata bishiya ko allo, idan motar gaba ta wuce ta ka ƙirga, in ka isa kafin daƙiƙa shida ka yi kusa. Ka hango hayaƙi a gaba, ka rage gudu tun kafin ka shiga, ba a tsakiyarsa ba. Idan abin ya gagara, sauka daga kwalta gaba ɗaya, gidan mai ko cikin gari, ba gefen layi ba. Mota ta lalace, a fitar da fasinja nesa da titi, a kai alamar gargaɗi taku ɗari ko fiye, tun da mun ga nisan da mai tahowa ke buƙata.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Lokacin mura ne, kuma yawancin magungunan mura, irin su Piriton, barci suke sawa. Direba ya sha biyu da shayi, ya rufe gilashi ruf saboda sanyi, mutum bakwai na numfashi a ciki, nan da awa guda ido ya fara lumshewa. Goro ba ya biyan bashin barci. A bar 'yar kafa iska na shiga, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, don busasshiyar iskar nan na tsotse jiki, a tsaya a miƙe ƙafa duk bayan awa biyu.

Sai go-sulo, wanda ƙarshen shekara ba ya rabuwa da shi: masu tafiya Kirsimeti, motocin hatsi, na albasa da tumatir masu gangarawa kudu. Wuri mafi haɗari a cunkoso shi ne wutsiyarsa. Idan kai ne na ƙarshe, a nan ne fitilun gargaɗi ke da amfani, ka kunna su, ka bar fili a gabanka, idonka na kan madubi har sai wasu sun tsaya a bayanka. Masu tsallakawa su bi wan-we, Allah ya shirye ku, ku ne ke mayar da tsaikon minti talatin ya zama kwana a hanya, ku toshe motar da za ta janye abin da ya lalace, ku toshe motar asibiti. In dare ya yi muku a cunkoso, kada a kwanta barci da inji a kunne da gilashi a rufe, hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Idan kuma tankar mai ce ta faɗi, a bar motar a yi nisa da ƙafa. A watan Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke kan wannan hanya ta Abuja zuwa Kaduna, sama da mutum 80 ne suka ƙone, yawancinsu masu kwasar mai. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, a adana ta a waya tun daga gida.

Fasinja, musamman kai na gidan gaba, ba barci aka ɗauko ka yi ba. Idan ka ga gudun ya wuce abin da ido ke gani, ka ce, "Malam direba, don Allah a ɗan sassauta, ba ma ganin gaba." Za a sami wani a baya da zai ce yana da uzuri a Abuja ƙarfe goma, ko wata Hajiya ta ce a bar wa Allah. Kada ka ja musu da su, da direba kake magana. Ka maimaita cikin ladabi, sauran da suka yi shiru yawanci suna bayanka. In ya ƙi ji, ka ce ya sauke ka a gari na gaba, ka bar masa ragowar kuɗin motar, ka nemi wata.